Shirya Tafiya Daga Kano Ta Wayar Hannu: Inda Manhajoji Suke Taimako da Inda Suke Barin Mutum

Kano gari ne na matafiya tun zamanin da ayarin fatake suke fita da jakuna da raƙuma zuwa Gwanja da Agadas, kuma a nan ne jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a shekarar 1925. Har yau babu ranar da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Farm Centre ba sa neman kujerar jirgi zuwa Legas ko Dubai ko Guangzhou, ga masu zuwa Umra, ga ɗalibai, ga masu kai marasa lafiya Alƙahira ko Indiya. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne yadda ake shirya tafiyar, domin aikin da a da sai mutum ya taka zuwa ofishin ejan ya zauna a benci, yanzu kaso mai yawa na aikin ya koma cikin wayar hannu. Na daɗe ina amfani da waɗannan manhajoji, don kaina da kuma don dangi da maƙwabta da suke miƙo mini fasfonsu su ce in duba musu, kuma abin da na fahimta shi ne, wajen bincike da sanin farashi babu kamarsu, amma da zarar kuɗi ya fita daga asusu wani abu ya karkace, sai mutum ya waiga ya rasa wanda zai riƙe.

Abin da ya fi burge ni shi ne manhajojin kwatanta farashin tikitin jirgin sama, irin su Google Flights da Skyscanner, tare da shafukan sayar da tikiti da suke aiki a Najeriya, irin su Wakanow da Travelstart. A da, abin da ejan ya faɗa shi ne farashi, ba don dukkan ejan maha'inta ne ba, sai don fasinja ba shi da hanyar tantancewa. Yanzu mutum yana kishingiɗe a ɗakinsa a Gwammaja ko Hotoro zai buɗe kalandar wata guda ya ga kuɗin kowace rana, ya ga cewa idan ya matsar da tafiyarsa da kwana biyu zai rage kuɗi mai kauri, ya kuma ga yadda kujerar Jidda take tashi idan goman ƙarshe na Ramadan ta gabato. Zai iya gwada tashi daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da tashi daga Abuja, ya lissafa ko bambancin ya kai a sha wahalar hanya. Zai ga wanda yake yada zango a Addis Ababa, da wanda yake bi ta Alƙahira, da wanda yake bi ta Doha, tun da kamfanin Qatar Airways ya fara zuwa Kano a 2022. Wannan ilimi ya sauya yadda ake ciniki a ofisoshin tafiye-tafiye, kuma ban ga ya cutar da ejan mai gaskiya ba, domin shi idan ka nuna masa farashin da ka gani, zai gaya maka dalilin da nasa ya ɗara, kuma sau da yawa dalilin nasa mai kamawa ne.

Dalilin kuwa yakan kasance kaya. Farashin da yake fitowa a saman jeri, wanda ido yake fara sauka a kansa, wani lokaci na jakar hannu ne kawai, babu akwatin da za a auna. Ga ɗan Kwari da zai dawo da samfurin atamfa da leshi, ko Hajiyar da za ta sayo abaya da turare, kilo shi ne rabin tafiyar, kuma tikitin da ya ba da akwati biyu masu kilo 23 kowanne ya fi mai arahar da za a je wajen awo a caji mutum kuɗin da ya shafe duk ragin da ya samu. Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan muni, wato inda shafi yake haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban-daban ya nuna su tamkar tafiya ɗaya. A irin wannan, fasinja zai sauka a wata ƙasa ya karɓi kayansa, ya fita ta wajen jami'an shige da fice, sannan ya sake shiga, wanda ke nufin yana buƙatar bizar ƙasar da bai yi niyyar shiga ba, kuma idan jirgin farko ya makara, na biyun ba ruwansa. Gargaɗin yana nan a rubuce, amma da ƙananan haruffan Turanci a ƙasan shafi. Manhajar ba ta damu da irin fasfon da ke aljihunka ba. Tsakanin 2022 da tsakiyar 2024, lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, babu abin da ya hana mutum ganin kujerar Dubai a waya har ya biya. Haka batun fasfon da sauran wa'adinsa bai kai wata shida ba, da katin rigakafin shawara, da allurar sanƙarau da Saudiyya take buƙata daga masu ibada: ejan ƙwararre zai tambaye ka waɗannan tun kafin ya taɓa kwamfuta, ita kuwa waya kuɗinka kawai take jira.

Wajen biyan kuɗi ne na fi shan takaici, kuma a nan nake ganin waɗannan hidimomi sun fi gazawa. Wani dare na zauna sayen tikitin Kano zuwa Legas a shafin wani kamfanin jirgi na cikin gida. Na cike suna, na zaɓi kujera, shafin ya ce ya riƙe mini ita na 'yan mintuna, agogo yana ta raguwa a gefe. Na saka lambar kati, aka ce in jira lambar tabbatarwa da banki zai turo, sai saƙon ya ƙi shigowa har lokacin ya kusa cika. Da ya shigo na saka, sai ga alat ɗin cire kuɗi nan take, shi kuwa shafin ya tsaya fari fat, ɗan da'irar nan tana ta juyawa. Babu tikiti a imel, babu lambar kujera. Da gari ya waye kujerar ta ƙara kuɗi, banki ya ce in tuntuɓi kamfanin jirgi, kamfanin ya ce kuɗin bai iso wajensu ba, layin da aka tanada don koke kuwa murya ce da aka naɗa take ta maimaita cewa a yi haƙuri. Kuɗin ya dawo daga baya, bayan makonni, amma dole na nemo wani kuɗin na sayi wani tikitin a ranar, kuma ba kowa ne yake da rarar da zai biya tafiya ɗaya sau biyu ba.

Idan da a hannun ejan hakan ta faru, na san shagonsa, na san wanda ya haɗa mu, na san masallacin da yake sallah, kuma idan magana ta yi tsawo akwai dattijon da za a je da shi a zauna. Kasuwancin Kano a kan wannan sanayya ya ginu, kuma ita ce manhaja ba ta da ita. Ya kamata dai fasinja ya san cewa doka tana bayansa: ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, sun tanadi cewa idan mayar da kuɗi ya wajaba, wanda ya biya ta intanet a mayar masa cikin kwana 14, kuma hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a filayen jirgi. Wanda ya ajiye hoton alat da hoton shafin da ya tsaya da kwanan wata yana da abin kai ƙara.

Biyan kuɗi zuwa ƙasashen waje kuma wata wahala ce ta daban. A 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya saya a shafukan waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, sai ya zama mutum yana ganin ɗakin otal a Madina, yana da kuɗinsa a asusu, amma ba shi da hanyar biya sai ya nemi mai katin dala ko ya bi ta 'yan canjin Wapa. A 2025 wasu bankunan sun dawo da hidimar tare da iyaka, kuma hakan ya kawo sauƙi. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin da aka gani da safe ba lallai ne ya kai yamma ba, saboda haka hoton farashin da wani ya turo maka a WhatsApp jiya labari ne kawai, ba alƙawari ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo yake rufe sararin Kano har jirage su kasa sauka, manhajar bibiyar jirage irin Flightradar24 tana da amfanin da ban taɓa zato ba. Saƙon jinkiri yakan iso wa fasinja ne bayan ya riga ya biya shatar mota ya isa filin jirgi, amma idan ka duba ka ga jirgin da zai ɗauke ka ko tasowa daga Legas bai yi ba, ka san kana da lokacin yin sallah da cin abinci a gida. Haka mai zuwa tarbar baƙo ba sai ya yi awanni a rana yana jira ba. Ba ta hana jinkirin, amma tana rage zaman rashin sani, wanda shi ya fi cin rai.

Mai zuwa Abuja da yake son kauce wa doguwar hanya yakan hau mota zuwa Kaduna, ya shiga jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa Kubwa ko Idu a Abuja, layin kilomita 186 da aka buɗe a 2016. An fara sayar da tikitinsa ta intanet a Janairun 2021, kuma tun da aka dawo da zirga-zirga a Disamban 2022, bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris na shekarar, sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ake sayen tikiti. Ga Bakano alfanun a fili yake: tun kafin ka bar Unguwa Uku ka san kana da kujera ko ba ka da ita, maimakon ka yi tafiyar fiye da kilomita 200 a kan tsammani. Sai dai a kusa da Sallah kujeru suna ƙarewa da wuri, kuma jirgi ba ya jiran wanda motarsa ta tsaya lodi.

Lodin nan shi ne ya kawo ni ga gaskiyar da masu yabon fasaha suke tsallakewa. Mafi yawan tafiyar mutanen Kano ba ta jirgi ba ce, ta tasha ce: Unguwa Uku, Na'ibawa, Ƙofar Ruwa, Mariri, 'Yankaba. A can mota tana tashi ne idan ta cika, kuɗin mota yana bin kuɗin mai, musamman tun cire tallafi a Mayun 2023, kuma ɗan kamasho ne ya san motar da take kan layi. In ban da wasu manyan kamfanonin bas masu zuwa kudu daga Sabon Gari da suke sayar da kujera a shafukansu, ban ga manhajar da ta shiga wannan harka da gaske ba. Fasahar da take aiki a tasha ita ce lambar wayar direba. Ka kira shi da daddare ya ajiye maka gidan gaba, ya gaya maka ƙarfe nawa za a fara lodi, ya kuma gaya maka halin da hanya take ciki, wanda shi ne mafi muhimmanci. Taswirar waya tana zaɓar hanya mafi kusa ko mafi sauri, ba ta san dajin da ba a ratsawa bayan la'asar ba, ba ta san inda aka tare hanya shekaranjiya ba. A Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara da wasu sassan jihohin da suke maƙwabtaka da ita saboda matsalar tsaro, duk wanda ya dogara da waya kaɗai ya shiga yankin ba ido ba kunne. Abin da nake yaba wa waya a kan hanya shi ne damar tura wa iyali inda kake kai tsaye ta WhatsApp, su riƙa ganin motarka tana matsawa, da kuma damar sauke taswira a Google Maps tun daga gida don ta yi aiki ko babu sabis.

A cikin gari ma taswirorin waya suna da iyakarsu. A Nasarawa da Bompai da titin Gidan Zu suna kai mutum har ƙofar gida, kuma jan layin da suke nunawa idan cunkoso ya haɗu a Kurna ko titin Zariya yakan zama gaskiya. Amma da zarar an shiga cikin ganuwa, lungunan Yakasai da Mandawari da Ƙoƙi, sai su nuna maka hanyar da ko Adaidaita Sahu ba za ta wuce ba. Mu kwatancenmu da alama ne, bayan masallacin Juma'a, layin mai unguwa, kusa da taransifoma, kuma sunan titin da yake rubuce a taswira sau da yawa ɗan Adaidaita bai taɓa jin sa ba. Ba su kuma san cewa ana rufe wasu tituna lokacin sallar Juma'a ba, ko ranar Hawan Daushe, ko safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, alhali mai jirgin safe a irin wannan rana dole ya saka hakan a lissafi.

A tafiyar Umra ne na ga waɗannan kayan aiki sun fi nuna ƙwarewarsu, saboda a can akwai tsari mai ƙarfi a bayan manhajar. Nusuk, wadda Ma'aikatar Hajji da Umra ta Saudiyya ta ƙaddamar a 2022, ita ake neman izinin shiga Rauda da ita a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mutum zai zaɓi rana da lokaci, a ba shi tambarin da jami'i zai haska a ƙofa, kuma duk wanda ya san irin turereniyar da ake yi a da, musamman a ɓangaren mata, zai gode wa Allah da wannan tsari. Lokutan suna ƙarewa da wuri saboda yawan masu nema, don haka a nema tun da wuri. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana cinye kimanin kilomita 450 tsakanin Makka da Madina cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka, kuma ana sayen tikitinsa ta waya, sai dai kayan da aka yarda a shiga da su taƙaitattu ne, wanda ya yi tsaraba da yawa mota ta fi masa.

Masauki kuwa yana buƙatar natsuwa. Lokacin da wata gwaggona za ta tafi, jikanta ya samo mata otal a wani shafi, hotunan ɗakin tsaf, farashi mai sauƙi, an rubuta cewa 'yan mintuna ne zuwa Harami. Da aka nuna mata, ko kallon hoton ba ta yi sosai ba, sai ta juyo gare ni ta ce, "Ɗan nan, ka tambayar mini wanda ya taɓa sauka a gidan, ni gwiwata ba ta hawan dutse." Na ce, "To Gwaggo, bari a bincika." Na kira wani ɗan unguwarmu da ya daɗe a Makka, ya ce wurin a kan tudu yake, saukowa da sauƙi, amma komawa bayan kowace sallah sai mai ƙarfi. Da na koma shafin na karanta sharhin waɗanda suka sauka a can, na fara da sababbi da kuma na waɗanda suka fi fushi, sai ga maganar tudun, ga ƙorafin cewa lif bai wadatar ba, ana dogon layi idan an kira sallah. Bayanin yana cikin shafin tun farko, amma a binne, kuma tambayar dattijuwa ce ta tono shi. Makka gari ne na duwatsu, nisan da taswira take aunawa a miƙe yake, saboda haka mai neman ɗaki a Misfala ko Ajyad ya duba hotunan da baƙi suka ɗauka da kansu, ba na masu otal ba, ya kuma fifita ɗakin da za a iya fasawa ba tare da asarar kuɗi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da dattawanmu da waɗanda ba su yi boko ba suke shiga. Shafukan sayen tikitin da na yi amfani da su da Turanci suke, wasu da Larabci, don haka Alhajin da yake juya miliyoyi a Dawanau sai ya miƙa fasfonsa da katinsa, har da lambar sirri, ga wani yaro a shagon intanet. A nan ne ake rubuta Mohammed a tikiti alhali Muhammad ne a fasfo, ko a juya sunan mahaifi ya koma na farko, kuma gyaran harafi ɗaya yana iya cin kuɗi ko ya hana hawa jirgi. A nan ne kuma 'yan damfara suke samun ƙofa, da tallan kujerar Umra mai arahar banza a Facebook da WhatsApp, da shafukan bogi masu kama da na kamfanonin gaske. Wata dabarar da suka ƙware a kanta ita ce su kama kujera ba tare da sun biya ba, su buga takardar su ba mutum, bayan kwana ɗaya ko biyu kujerar ta soke kanta. Maganin wannan yana cikin wayar ita kanta: kowace kujera tana da lamba mai haruffa da alƙaluma shida, wadda za ka saka tare da sunanka na ƙarshe a shafin kamfanin jirgin ka gani da idonka, sannan tikitin da aka biya da gaske yana da lamba mai alƙaluma 13. Idan babu wannan lambar, a yi zargin ba a biya ba, komai kyan takardar. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, tana fitar da sunayen kamfanonin da ta ba lasisin jigilar Hajji da Umra, kuma duba sunan kamfani a jerin ba ya cin minti biyar.

Ni dai yanzu tikitin cikin gida ina sayensa ne kai tsaye a shafin kamfanin jirgin, da rana, a ranar aiki, lokacin da idan an samu matsala akwai ofishin da yake buɗe. Na ƙasar waje kuwa, musamman idan da dattijo ko mara lafiya a tafiyar, ina yin bincikena a waya, sannan in tafi da farashin wajen ejan da na san ofishinsa, in biya shi ladansa da daɗin rai, in kuma tabbatar da lambar tikitin kafin in tashi daga kujerarsa. Ina buga komai a takarda, domin caji yana ƙarewa kuma layin Najeriya ba ya aiki a ko'ina.

An aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da na Kano zuwa Kaduna a 2021, kuma ranar da suka fara aiki dubban mutanen da ba su taɓa sayen tikiti ta waya ba za su zama fasinjojinsu. Roƙona ga masu tsara sayar da tikitin shi ne su fitar da shafin da Hausa, su samar da hanyar saye ta ƙaramar waya da lambobin da ake dannawa kamar na tura kuɗi, su kuma buɗe taga a tashar Kano inda wanda aka cire wa kuɗi bai ga tikiti ba zai tarar da ma'aikacin da yake da ikon warware masa matsalar a ranar.